Injiniya Tukuna

Duk wanda ya san Alhaji Mamuda ya san ba a kiransa Injiniya a kwashe lafiya. Kana cewa, "Barka da yamma, Injiniya," zai ɗaga maka wannan yatsan nasa da ba ya rabuwa da filasta, ya ce, "A'a. Bai tashi ba tukuna." A ƙofar masallaci ne, a wajen ɗaurin aure ne, ko kana cikin mota ka ɗago masa hannu ka faɗa, sai ya tsayar da kai ya gyara maka zance. Ku 'ya'yansa da jikokinsa da kuka matsa min in rubuta abin da nake tunawa, to ga shi nan, amma kada wanda ya zo ya ce na tona wa Babansa asiri. Ni da shi wasa ne tsakaninmu tun ina goye: shi ɗan namiji, ni 'yar mace, uwata ƙanwar ubansa ce. Yana raye ban raga masa ba, ba kuwa zan fara yau don ya kwanta dama ba.

Sunana Rakiya, sunan mahaifiyarsa na ci. Saboda haka duk gidan nan nasa na Nassarawa, daga matarsa Hajiya Ladi har direba da kuku, Ummi suke ce min. Shi kaɗai ya ƙi. Sunan ba zai faɗu a bakinsa ba don kunyar uwa, Ummin kuma ya ce ba zai ba ni wannan girman a banza ba. Sai ya sa min "Ita." Ina yin sallama za ka ji shi daga ciki: "Ita ce ko? A ɓoye naman." Shekara fiye da sittin, mutumin nan bai taɓa kirana da wani suna ba.

To maganar Injiniya. A Kano kun sani, mutum ya iya canza wa janareta fulogi yau, gobe ka ji ana Injiniya wane. Shi kuwa da ya yi shekara talatin da wani abu a masaƙa a Bompai, har ya zama shugaban masu gyaran injuna, shi ne ya ƙi sunan ƙememe.

"Gyara na yi," in ji shi. "Wani ya ƙera, abu ya lalace, na gyara. Wannan bakanike ke nan. Injiniya shi ne wanda ya ɗauki ƙarfe tsurarsa ya mai da shi inji, injin kuma ya tashi."

Yana yin ritaya ya fitar da mota daga gareji, ta koma kwana gindin mangwaro tana shan kashin tsuntsaye. Ya shigar da tsohon injin fere ƙarfe, da teburi, da magagari kala-kala, da wata tsohuwar mujalla da ɓeraye suka cinye mata gefe. A cikinta ya ga zanen ɗan ƙaramin injin dizal, irin wanda ake ɗaura wa jirgin sama na wasa. Duka-dukansa bai kai gwangwanin madara ba. Ya ce shi zai ƙera da hannunsa, tun daga fistin har noti, ranar da ya tashi a kira shi Injiniya ya amsa.

Ranar da ya nuna min zanen, dariya ta kusa kayar da ni.

"Bakanike, wannan zai ba mu wuta?"

"Ba zai ba da wuta ba."

"Zai yi markaɗe?"

"Ba na markaɗe ba ne."

"To me zai yi?"

"Zai tashi."

Na ce, "Wallahi wannan ko sauro ba zai kora ba. Ran da ya tashi, ni Rakiya zan durƙusa har ƙasa in ce maka Injiniya."

Ya naɗe mujallarsa a hankali, ya nuna min ƙofa. "Ki tanadi gwiwa. Kuma daga yau ƙafarki kada ta ƙara taka garejin nan. Bakinki ba shi da kyau." Haka kuwa aka yi. Shekara goma sha ɗaya iyakata bakin ƙofa.

Sunan da kuka fi saninsa da shi, a bikin 'yarsa ta biyu ya samo shi. Aka kawo katin gayyata daga wajen masu bugawa, an rangaɗa "Injiniya Mamuda" da ruwan zinare. Ya ce atafau ba za a raba ba. Hajiya Ladi ta ce to a sake bugawa. Ya ce a sake? Takardar daga sama take faɗowa? Mutumin nan ya sa tabarau, ya ɗauki biro, ya bi katin nan ɗaya bayan ɗaya, a gaban kalmar Injiniya yana rubuta "tukuna" da ƙananan baƙaƙe. Ranar ɗaurin aure maroƙi ya riƙe kati, ya buɗe murya: "Ina uban amarya? Injiniya Tukuna Mamuda, Allah ya ja da ranka!" Wuri ya ɗauki dariya. Shi kuwa ya gyaɗa kai, ya ce wa na kusa da shi, "Yawwa. Wannan maroƙin ya iya karatu." Daga ranar ya zama Baba Tukuna har a bakin mai rake na kan layi.

Maƙo kuwa, kai jama'a! Ba wai ba ya kyauta ba, a'a, ku kun san gidan nan ba a rasa baƙi. Abu ɗaya ne ba zai iya ba: ya ga an yar da abin da bai gama mutuwa ba, ko ya sayi sabo alhali akwai tsoho a gida. Fistin ɗinsa na farko, wato ɗan ƙarfen da ke kai da komo a cikin injin, daga ƙafar tsohon keken ɗinki ya fere shi. Jikin injin kuma sanholo yake bukata. Wata safiya Hajiya Ladi ta nemi ƙaramar tukunyarta ta miya, wadda ta zo da ita tun kayan aure, sama ko ƙasa. Ta tuhumi kuku, ta leƙa ƙarƙashin gado. Can sai ga hayaƙi a bayan gareji, Alhaji ya haɗa gawayi da fanka yana ta gumi.

"Alhaji, ka ga tukunyata?"

"Tana nan lafiya lau. Ta samu ci gaba."

"Ci gaba kamar yaya?"

Ya nuna mata wani dunƙulen ƙarfe yana huci a cikin yashi. "Da miya take dafawa. Yanzu inji za ta zama."

Hajiya ta kira ni a waya ta kawo min ƙararsa. Na ce ta yi haƙuri, an ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ta ce, "Ummi, ai da dutsen ya dafa da sauƙi, tukunyar ya dafa!" Tun daga nan, duk sanda aka ambaci injin a gabanta sai ta ce, "Baiwar Allah, tana tukunya kullum tana aiki. Tunda ta samu ci gaba ba ta ƙara tsinana komai ba."

Wani abin haushin kuma, injin dizal ne amma ba ya shan dizal. Ba shi da fulogi, matsi kawai ke kunna man, kuma saboda ƙanƙantarsa sai an yi masa haɗi na musamman: kananzir, da man zurma, da wani magani mai saurin kamawa da wuta da yake ɓoyewa a 'yar kwalba cikin aljihun teburi. Man zurma akwai shi a kemis, amma ina! Alhaji ya tuge furannin da ke gaban gida, gidan GRA guda, ya shuka zurma reras. Maƙwabta na fure, mu muna cika-gida. Ya tara 'ya'yan, ya sa aka soya aka daka aka tatse masa mai, ya zuba a tsohuwar kwalbar man gyaɗa don kada kwalba ta tafi a banza. Ya kuma ajiye ta a sito, wai gareji ya cika zafi.

Ranar wata Juma'a dangi sun taru cin abincin rana kamar yadda aka saba. Ɗanlami kuku, mutumin Katsina, shiru-shiru, ya yi mana waina da miyar taushe. Na ji wani ɗan baƙon ɗanɗano a harshena, amma yunwa ta ce min ci gaba. Ni da na yi shekara talatin ina aikin jinya, oh ni Rakiya, guda shida na ci! Kafin la'asar gida ya rikice. Banɗaki uku ne a gidan, ranar muka san sun yi kaɗan. Manya da rawani ana layi da buta, kowa na kallon sama kamar bai san na kusa da shi ba.

Aka kira Ɗanlami. Ya ce, "Wallahi Hajiya na ga man da kauri, na ce wannan mai kyau ne Alhaji ya ɓoye, bari in fito wa baƙi da shi."

Alhaji ya fito daga banɗaki yana dafa bango, fuska ta faɗa. Muka zaci haƙuri zai ba jama'a. Sai ya ce, "Ɗanlami, man nawa ya rage?"

Ni kuma daga kan tabarma, da ɗan sauran numfashina, na ce, "Bakanike, barka! Yau dai man naka ya yi aiki. Kowa a gidan nan ya tashi, har baƙi. Injin ne kawai bai tashi ba."

Ya ce, "Tukuna," ya koma ciki da sauri.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Injin ya haɗu tsaf, yana ƙyalli, da 'yar farfelarsa ta katako a gaba. Yadda ake ta da shi, da yatsa ake bugun farfelar. Kullum da hantsi za ka ji ƙas, ƙas, ƙas daga gareji, wani lokaci ya yi ɗan tari sau ɗaya ya yi shiru, wani lokaci farfelar ta dawo ta sare masa yatsa. Sai ya fito falo in ɗaure masa ciwo ina yi masa tsiya. Kowane karo laifin fistin ne a wajensa: wannan ya yi sako-sako, wancan ya matse. Ya fere fistin ya fi goma, ya jera su a taga kamar haƙoran da aka cire.

Daga baya sai wasan ya fara fita daga raina. Hannunsa na dama ya soma rawa, ido kuma ya yi yana. Na ga yana kai kofin shayi baki da hannu biyu. Wata rana ina ɗaure masa yatsa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "In na mutu bai tashi ba, kada ki bari wani ya rubuta Injiniya a sanarwar rasuwata. Ke ce mai bakin da za su ji tsoro." Na ce masa ya daina zancen banza, mugu ba ya mutuwa da wuri. Amma ina komawa gida Badawa na zauna na yi kuka, don na san da gaske yake, na kuma san hannun nan bai da sauran fere wani fistin.

Ana nan, wata Talata da hantsi, sai ga Malam Sale direbansa a ƙofar gidana. Dattijo ne mutumin Jigawa, ba ya ƙara wa saƙo ba ya rage masa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta murza hula.

"Hajiya Ummi, Alhaji ne ya ce in zo in ɗauko ki."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Sai dai akwai sauran saƙo, ina jin nauyin faɗa."

"Faɗi mana."

"Ya ce... a rufe miki baki sosai. Wai kada ki sha iska a hanya."

Tabɗi! Na zari mayafi ko ɗaurin ɗankwali ban gyara ba. Tun daga Badawa har Nassarawa ina shirya masa maganganu. Mota na tsayawa na wuce kai tsaye, na bankaɗe ƙofar garejin da aka hana ni shekara goma sha ɗaya.

"Ga ni! Zo ka rufe bakin da hannunka!"

Ya ɗago tabarau a tsorace. "Ke kuma wa ya kira ki? Fita, fita!"

Malam Sale ya leƙo. "Alhaji, ai kai ka ce in je wajen ta asibitin nan in ɗauko ita."

Alhaji ya dafe kai. Ya jawo aljihun teburi, ya fito da 'yar kwalbar nan tasa ruwan ƙasa, babu ko ɗigo a ciki, ya ɗaga ta sama. "Wannan! Wannan nake nufi! Shagon masu kayan asibiti na ce ka je! Sunan maganin ke nan!"

Na karɓi kwalbar na duba rubutun jikinta, sai na fashe da dariya. Maganin sa barci ne, wanda muke shaƙa wa majinyaci a zamanin da kafin a yi masa aiki. Sunansa na Turanci, in ya biyo ta bakin Bahaushe, "ita" yake fitowa, mu ma haka muke ce masa a asibiti. Malam Sale kuwa shekara ashirin yana gidan nan, ita ɗaya ya sani.

"Ni dai abin da aka ce na yi," in ji shi, ya ja ƙofa.

Tunda na riga na shiga, sai na ƙi fita. Na hango wata tsohuwar robar ruwa a kan teburi, murfinta a tsage, da wani ruwa ja-ja a ciki. Ya ce haɗin man injin ne. Na buɗe na shinshina. Na sake shinshinawa. Jama'a, warin maganin nan ko cikin barci aka tashe ni na san shi, shekara nawa yana bin kayana har gida. A robar nan babu shi, babu alamarsa. Kananzir ne kawai da man zurma.

"Yaushe ka haɗa wannan?"

"Bara. Ko bara waccan. Ai bai ƙare ba."

"Nawa ka zuba na kwalbar?"

"Murfi ɗaya. Abin da wuyar samu. Wajen da aka rubuta awon ne ɓeraye suka ci."

Na ce, "Innalillahi! Bawan Allah, maganin da in muka bar kwalbarsa a buɗe da safe kafin azahar ya bi iska, shi ka ɗiga wa murfi ɗaya ka ajiye shekara biyu a robar da ba ta rufuwa, a zafin Kano? Fistin ɗinka lafiyarsa ƙalau. Maƙonka ne bai tashi ba!"

Ya karɓi robar ya shinshina da kansa, ya ture ta gefe.

Ni na shiga mota muka je Sabon Gari da Malam Sale, na nuna tsohon katina na aiki, muka samo sabuwar kwalba, an kuwa rufe mata baki sosai. Washegari da sanyin safiya muka yi sabon haɗi a kwalbar gilashi, kashi uku daidai wa daida. Ina zubawa yana cewa, "Ya isa! Ya isa haka!" ina cewa, "Kawar da kai." Na ɗauki sirinji na ɗiga wa injin ɗigo biyu a baki kamar mai ba jariri magani.

Ya yi bismilla ya bugi farfela. Shiru. Ya sake. Injin ya yi tari. Ya ɗan murɗa sukurun da ke kan injin, wanda ke ƙara matsi, ya goge yatsa a riga, ya ja numfashi, ya buga na uku.

Wayyo Allah! Wani ihu abin nan ya saka, siriri mai shiga kunne, kamar an tara sauron Kano duka a gwangwani ɗaya. Farfela ta ɓace don gudu. Hayaƙi ya turnuƙe, man zurma ya yi min feshi tun daga goshi har sabon mayafina. Malam Sale ya faɗo ciki yana kabbara, Ɗanlami na biye da shi da wuƙar albasa a hannu. Hajiya Ladi ta tsaya bakin ƙofa ta dafe ƙirji, ta ƙwala min tambaya a kunne: "Ummi, tukunyata ce ke wannan ihun?" Na ce ita ce. Sai ta rangaɗa guɗa.

Bai cika minti ɗaya ba man ya ƙare, ya tsaya. Garejin ya yi tsit. Alhaji na tsaye, yatsa na jini, bai ma sani ba.

Alkawari kaya ne. Gwiwoyina kun san halinsu, sallah ma a kujera nake yi. Na dafa teburi na sauka a hankali, ƙasusuwa na ƙara, har na kai ƙasa cikin garin ƙarfe da mai. Na ce, "Sannu da aiki, Injiniya."

Na ga leɓensa ya motsa, na rantse "tukuna" ce ta zo don sabo, ya haɗiye ta. Ya ce, "Na'am."

Sai ya juya yana goge tabarau da gefen riga, ya ce, "Ashe duk shekarun nan ita ce babu."

Na ce, "Wace itan?"

"Ta kwalba mana! Ke wa ya sa da ke? Sale, ɗaga ta kafin ta karye mana a nan."

Wata bakwai ya yi yana amsa sunan. Har tsayawa yake a ƙofar gida don masu wucewa su faɗa. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi gareji an kashe masa kunne, an ɓata masa riga.

Ranar da zai bar mu, na kira wayarsa da hantsi ina so in tsokane shi. Hajiya Ladi ce ta ɗauka. Ta ce ya dawo daga sallar asuba ya ɗan kishingiɗa. "Bai tashi ba tukuna," in ji ta. Muka yi dariya mu biyu, har na ce ta gaya masa in ya ƙi tashi zan zo da sirinji. Ba a yi rabin awa ba ta sake kirana, daga jin yadda ta ce "Ummi" na sani.

Ni na rubuta sanarwar da hannuna. Na sa Injiniya Mamuda, ban ƙara komai a gaba ba. Injin yana nan a kan teburinsa, na hana kowa gogewa. Yanzu in na yi sallama a gidan nan kowa Ummi yake ce min, da ladabi da komai, babu mai cewa a ɓoye nama, kuma wallahi na fi son wancan sunan.

Allah ya jiƙanka, abokin wasana. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sanyaya shi. Ranar da za a ce kowa ya tashi, Allah ya tashe ka cikin bayinsa na gari, ya sa ka ji an kira ka ka amsa da farin ciki. Mu kuma da muka rage, tamu tukuna ce, in ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Amin.